Agogon Bulus da Turmin Yaya Saratu

Duk matar da mijinta ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ina roƙonta ta karanta wannan tun kafin dangi su cika mata gida. Ni ban samu mai gaya mini ba sai da na riga na yi ɓarna. Sunana Rifkatu, kayan miya nake sayarwa a kasuwar Utako, muna zaune a Karmo. Mijina Bulus mai walda ne a wani kamfani a Idu, inda ake ƙera ƙofofin ƙarfe da ƙafafun tankin ruwa. Da hannunsa na dama muke ci, da shi 'yarmu Hannatu take makarantar kwana. Tumatir da attaruhuna cefane kawai suke ɗauka.

Ba zan ce ciwon ya zo babu sallama ba. Ya yi sallama, mu ne ba mu amsa ba. Wata biyu Bulus yana kukan ciwon kai ta ƙeya. An auna shi a kemis aka ce jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayoyi, ya sha na sati ɗaya ya ce ya warke. In na yi magana sai ya ce, "Maman Hannatu, hayaƙin walda ne, ki bar ni." Na bar shi kuwa, don ba na son cacar baki da sassafe ina shirin kasuwa.

Wata Talata a farkon Maris yana shan koko, kofin ya suɓuce daga hannunsa ya wanke masa wando. Ni da bakin nan nawa har na fara faɗa, ina cewa shi ba yaro ba. Da na ɗaga ido na ga bakinsa ya karkace, yana son ya kira sunana amma harshe ya ƙi, na kurma ihu. Kafin ka ce me tsakar gida ta cika. Wata ta ce iska ce ta buge shi, wata ta ruga ɗauko tafarnuwa, wani ya ce a kira Fasto tukuna. Allah ya saka wa maƙwabcinmu direban tasi da alheri, shi ne ya ratsa mutane ya ce, "Madam, a bar surutu, a sa shi a mota."

Kwana goma muka yi a asibiti. Ba zan ɓoye ba, na sha wuya. Layin kati daban, layin biyan kuɗi daban, hoton kai kuma sai da aka tura mu wani wuri a cikin gari don nasu injin ya lalace. Firizata ta tafi a satin nan, na sayar da ita don kuɗin asibiti. Akwai nas ɗin da ta daka mini tsawa don na tambaye ta abu sau biyu, har yau in na tuna raina yana sosuwa. Akwai kuma wadda ta ga na zauna a ƙasa ina kuka, ta tsuguna ta riƙe kafaɗata, Musulma ce, ta ce, "Ki yi haƙuri, kun kawo shi da wuri, Allah zai tashe shi." Ita ma ban manta da ita ba.

Ana gobe za a sallame mu ogansu Bulus ya zo dubiya da ledar lemo. Mutumin kirki ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya dubi hannun da ke kwance a kan gado kamar ba na mai rai ba, ya ja ni gefe ya ce, "Madam, zan riƙe masa wuri wata huɗu. Bayan wannan, sori, aiki ba ta jira." Na yi godiya. Tun daga ranar nake lissafin makonni a kaina.

A sati na uku ƙafa ta fara dawowa, yana jan ta zuwa bayi da sanda. Magana ma ta dawo, da ɗan nauyi. Hannun dama ne ya ƙi. Yana iya ɗaga kafaɗa ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, yatsu kuwa ko motsi. Aka tura mu ɗakin motsa jiki, kowace Litinin. A nan muka haɗu da Dakta Ladi, 'yar Gbagyi, gajeriya, mai saurin magana, ba ta da lokacin wasa.

Ita ce ta ɗaura masa abin. Baƙar roba ce kamar agogo, amma ba ya faɗin lokaci, mu dai agogo muka riƙa kiransa. Wasu masu bincike na jami'a ne suka kawo 'yan kaɗan don a gwada. Aikinsa biyu: yana ƙirga duk motsin da hannun ya yi, kuma in hannun ya daɗe a kwance sai ya yi ɗan gurnani a fata, ya tuna wa mai shi. Ranar asibiti Dakta ta kara wayarta a kai, duk abin da hannun ya yi cikin mako ya fito.

Na tambaye ta ina cajarsa, don a layinmu na Karmo sai a yi kwana huɗu ba a ga wuta ba.

Ta ce, "Babu caja, madam. Mijinki shi ne cajar."

Ta juya shi ta nuna mini wani faifan ƙarfe a ƙasa, mai kwanciya a kan fata. Ta ce yana tsotsar ɗumin jiki ya mai da shi wuta, in dai iskar waje ta fi jikin sanyi. A ciki kuma akwai ɗan ƙarfe mai lilo, duk sanda hannu ya motsa shi ma ya motsa, ya ƙara wuta. "Amma kin ga zafin Abuja yanzu," in ji ta, "waje da jiki kusan ɗaya ne. Ɗumi kawai ba zai isa ba. In hannu bai yi aiki ba, wannan koriyar fitila za ta mutu."

Na riƙe baki ina kallo. Mutum kwance, rabin jikinsa ya tafi hutu, amma har yanzu akwai wutar da za a ɗiba a jikinsa ta kunna fitila. Bulus da ya san harkar waya da lantarki ya fi ni mamaki. A hanyar gida ya yi ta juya hannun da ɗaya hannun yana leƙen faifan. Ranar ce na fara ganin ya yi murmushi tun da ya faɗi.

A satin ne Yaya Saratu ta iso daga ƙauyensu a Filato, da buhun acca da kaji biyu da tulin saiwoyi a ƙulle cikin zane. Yayar Bulus ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Na yi murna da zuwanta har cikin raina, don ya zama dole in koma kasuwa. Kuma kowa ya san yadda ake jinya a wurinmu. Mara lafiya ba ya ɗaga cokali. A ba shi a baki, a yi masa wanka, a sa masa riga, a gyara masa matashi. In masu dubiya suka shigo suka tarar da shi yana fama da kwano shi kaɗai, abin kunyar na matan gidan ne, za a fita ana cewa ba su da tausayi. Haka aka yi wa babana, haka na ga ana yi wa kowa.

Yaya ta karɓi aikin da hannu biyu. Hannun dama kuwa ta shafe shi da man kaɗanya, ta ɗora shi a kan matashi kamar jariri. In agogon ya yi gurnani Bulus ya yunƙura, sai ta ce, "Kwanta, ɗan'uwana, kada ka tayar da ciwon." Kwana uku, koriyar fitila ta mutu.

Ranar Litinin Dakta Ladi ta kara waya, ta ɓata rai. Ta ce hannun bai yi komai ba. Ta ce agogon kaɗan ne, masu jira da yawa, in ba za mu yi amfani da shi ba za ta ba wani. Waɗanda aka ɗaura wa agogon kuma su ne ake duba su kyauta a ɗakin. Muka dawo gida. Na gaya wa Yaya, ta ce likitocin yanzu ba su da imani, ina aka taɓa sa mai ciwo aiki.

Yadda abin ya fara, ba da niyya ba ne. Washegari da yamma za ta yi masa wanka, ta cire agogon ta maƙala a hannunta don kada ya jiƙe. Ta manta da shi, ta wuce wurin turmi tana dakan sakwara. Na dawo daga kasuwa na tarar da ita tana dariya, ta miƙo mini hannu, fitila tana ƙyaftawa.

"Kin gani? Ashe ɗan banzan yunwa yake ji. Ga shi na ciyar da shi."

A nan ne zan faɗi laifina, don shi ya sa na zauna rubutun nan. Na san ba daidai ba ne. Da kunnena na ji bayanin likita. Amma na gaji, ina tsoron a ƙwace agogon, ina tsoron faɗa da yayar miji, kuma ni ma ba na son ganinsa yana wahala. Na ce a raina, bari ya ƙara samun ƙarfi tukuna, sati ɗaya kawai. Sai ya zama kullum da yamma Yaya ta ɗaura agogo ta yi daka ko surfe, ta mayar masa. Akwai ranar da ta manta, ni da kaina na tuna mata.

Litinin biyu a jere ɗakin ya cika maƙil, Dakta tana can da wasu, mai taimaka mata ce ta duba jimillar kawai ta ce, "Madalla, oga yana ƙoƙari." Muka amsa da godiya ba kunya. A Litinin ta uku Dakta Ladi da kanta ta kama hannun. Ta yi ƙoƙarin buɗe yatsun, sun dunƙule sun yi tauri. Ta miƙar da gwiwar hannun, Bulus ya yi ƙara. Ta ɗauki wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo mini da ita. Wasu layuka ne, duk yini a kwance, sai wajen ƙarfe biyar na yamma su tashi sama su dawo, sama su dawo, daidai wa daida.

Ta ce, "Madam, wa yake daka a gidanku?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya tana zaune a benci, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Dakta ba ta ɗaga murya ba, da ta yi ihu ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Agogo bai san hannun wa yake ba. Duk jikin da ya ba shi wuta zai karɓa. Amma ni ba agogo nake jinya ba. Hannun da ba a aike shi ba, ƙwaƙwalwa tana mantawa da shi. Watannin farko ne ake kama shi, kun zubar da sati uku." Waɗannan kalmomin har yau suna kunnena.

Na buɗe baki zan kare kaina, Bulus ya riga ni. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Dakta, ni ma ina gani. Na yi shiru. Na ɗauka hannun ya tafi ke nan." Hawaye ya zubo masa. Tunda muka yi aure ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da ya faɗi.

Ba ta ƙwace agogon ba. Ta ce sati biyu ta ba mu.

Ranar Laraba na ƙi zuwa kasuwa. Na tuƙa tuwo da miyar kuka, na ajiye a gabansa, na naɗa tsumma a ƙotar cokali ya yi kauri yadda Dakta ta nuna, na cusa masa a hannun dama. Na koma gefe na zauna a kan hannuwana, da gaske nake faɗa, don in ban danne su ba za su tafi da kansu. Cokali ya faɗi. Ya ɗauka da hagu ya mayar. Ya sake faɗi. Miya a riga, miya a haɓa, miya a tabarma. Ana cikin haka matan zumunta na cocinmu suka yi sallama, su biyar, sun zo addu'a. Suka tsaya a bakin ƙofa suna kallonsa, suna kallona.

Yaya Saratu ta fashe da kuka. "Rifkatu, ina raye? Ina raye ƙanena yake cin abinci haka a gaban mutane, ke kina zaune?" Ta nufi kwanon.

Ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Yaya, wallahi in kika taɓa cokalin nan, yau ɗayarmu za ta bar gidan nan." Ban taɓa yi mata magana haka ba, kuma a gaban baƙi. Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Maman Hannatu, ki ji tsoron Allah."

Bulus ne ya raba mu. Bai ɗaga kai ba, ya ce, "Yaya, ki bar ni in ci."

Ta fita tsakar gida. Matan suka yi gajeriyar addu'a suka tafi, na san kuma abin da aka yi ta faɗa a kaina a makon nan, don ya dawo mini. Loma shida ya kai baki a ranar. Na ƙirga.

Kwana biyu Yaya ba ta amsa gaisuwata. Na ɗauka kayanta za ta haɗa. A rana ta uku na dawo daga kasuwa na tarar da su a ƙofar ɗaki, ta zube masa gyaɗa a faifai, ta sa shi ɗauka ɗaya-ɗaya yana jefawa a kwano. Yana so ya sa hagu, ta buge hannun. "Ba wannan ba, malalaci. Wancan." Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Tun yana yaro haka yake, sai an tsaya a kansa." Iyakar sulhun da muka yi ke nan, kuma ya ishe ni.

Daga nan Yaya ta fi Dakta tsanani. Da agogo ya yi gurnani, kafin Bulus ya ji ita ta ji. Ta sa shi matse soso, ta sa shi shanya kaya da maƙalai, ta sa shi ɓalle maɓallin rigarsa ko zai kai rabin awa. Saiwoyinta ma ba ta fasa dafawa ba, ni kuma na tabbatar yana shan ƙwayar hawan jini kowace safiya, a gabana.

A sati na tara babban yatsa ya motsa. A na goma sha ɗaya manuni ya bi shi, ya ɗauki ashana daga ƙasa. Ruwan sama ya sauka, gari ya yi sanyi, fitilar ta daina ko rage haske. Akwai makon da taransifomar layinmu ta ƙone, wayoyin gidan duka suka mutu, mutane suna kai caji shago, abin hannun Bulus yana ta aikinsa. Maƙwabta har zuwa kallo suke yi. Ban san waɗanda suka zauna suka ƙirƙiro shi ba, ban san ko yarensu ba, amma sun yi tunanin mutum irin mijina, wanda ba shi da wuta a gida sai ta jikinsa. Ina sa su a addu'a. Abu ɗaya zan yi ƙorafi a kai: robar tana sa ƙaiƙayi in an yi gumi, kuma sun yi kaɗan. Ranar da muka mayar da namu, mutum uku ne a benci suna jiransa.

A ranar ne na tsaya bayan Bulus ya fita, na tambayi Dakta Ladi abin da ke cina. Yatsu uku sun dawo. Ƙaramin da na kusa da shi sun lanƙwashe cikin tafi, ba sa buɗuwa. Na ce, "Dakta, sati ukun nan ne?"

Ta ce, "Ban sani ba, madam. Wataƙila da haka za su tsaya ko da me. Wataƙila da sun buɗe. Ba wanda zai iya gaya miki." Na so ta ce mini a'a. Ba ta faɗa ba, kuma na girmama ta a kan haka.

Saura kwana biyar wata huɗu su cika muka je Idu. Oga ya ce ba zai mayar da shi don tausayi ba, sai ya gwada shi, don walda ba wasa ba ce, in hannu ya yi rawa ƙofa ta lalace ko mutum ya ƙone. Ba a barin mata shiga, sai na zauna a bencin wata mai abinci a bakin get. Ta zuba mini shinkafa, ban iya ci ba. Ina jin ƙarar injin yankan ƙarfe daga ciki, ina ta tunanin yadda zai riƙe abin walda da yatsa uku. Na shirya maganar da zan gaya masa in ya fito da ledarsa a hannu. Na shirya yadda zan gaya wa Hannatu zancen makaranta.

Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Can ƙaramar ƙofar get ta buɗe. Bulus ya leƙo, sanye da shuɗiyar rigar aiki, baƙin gilashin walda a goshinsa, gumi ya jiƙa masa wuya. Bai ƙaraso ba. Daga nan inda yake ya ɗaga murya.

"Maman Hannatu, me kike jira? Ki tafi kasuwa mana, sai na tashi."

Ya ɗaga hannun dama yana korata, yatsu uku a buɗe, biyu a lanƙwashe. Na yi dariya, na yi kuka, mai abinci tana tambayata lafiya. Murna nake yi, kuma ina kallon yatsun nan biyu. Bai taɓa ce mini komai a kansu ba, ko sau ɗaya. Ya juya ya koma ciki, maigadi ya rufe ƙofa.